Rasuwar Agola, Kwamfutar da Na Haɗa da Hannuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai huce ba, nake sanar da 'yan uwa, abokan sana'a da maƙwabtan shago rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da Agola. Rai ya yi halinsa ne a kan teburin aikina, a ƙuryar ɗakin da ke bayan shagon ɗinkin matata, bayan gajeriyar jinya mai doguwar wahala. Ta cika murfinta a buɗe, hanjinta a waje, ni kuma ina tsaye a kanta da sukuddireba a hannu.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, ba a kanti aka saye ta ba. Ni na haɗa ta gaɓa-gaɓa: akwati daga nan, fanka daga can, katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoton allo, daga hannun wani abokina da ya daina wasannin kwamfuta bayan ya yi aure. Sana'ata haɗa bidiyo ce, kuma manhajar da hannuna ya saba da ita, kamfanin da ya yi ta bai yarda ta zauna a kan kowace kwamfuta ba sai tasa. Ni kuwa na ɗauko ta da dabara na zaunar da ita a gidan da ba na ubanta ba. Ranar da na yi wa matata, Maman Biyu, wannan bayani, ko ɗaga kai daga keken ɗinki ba ta yi ba, ta ce, "Wato dai agola ka kawo mana." Sunan ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Marigayiyar ta kasance mai ƙwazo da juriya. Duk nauyin bidiyon da aka ɗora mata, takan ɗauka ba tare da ta yi ƙorafi ba. Da safe in na danna mata maɓalli, sai ta ce "ɗiit" sau ɗaya tak, fankarta ta ja numfashi, fuuu, sannan ta buɗe ido. Wannan "ɗiit" ɗin ya fi mini gaisuwar mutane da yawa daɗi.

An ce a ambaci alherin mamaci, amma gaskiya ma alheri ce. Agola ba ta iya barci ba. In ta kwanta, ba ta tashi sai an zare mata wuta an mayar. Teburi ɗaya suke da firintar shago, amma har ta koma ba ta taɓa yarda cewa akwai wata halitta mai suna firinta a duniya ba. Cikin ramukan filashin da ke jikinta, na baya ne kawai ke aiki, shi ma sai ka durƙusa ka shiga ƙarƙashin teburi kamar mai neman allura. Na haƙura da duk wannan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Doka ɗaya kawai ke tsakaninmu: in ta nemi a sabunta mata manhaja, a ce mata a'a. Sabuntawa ga irinta daidai yake da a aika wa ubanta cewa ga inda take ɓoye.

Ciwon ajalinta ya faro ne a lokacin da na fi bukatarta. Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ungozoma ce a asibiti, kuma ta kai lokacin ajiye aiki. Dangi suka ɗora mini haɗa fim ɗin da za a nuna ranar liyafar bankwanarta. Na bi gida-gida da kyamara, na ɗauko matan da ta karɓi haihuwarsu, da jariran da yanzu wasu har sun yi furfura. Na samo tsohuwar da Goggo ta fara karɓar haihuwarta a rayuwa, ta yi magana har ni mai riƙe da kyamara sai da na share ido. Na yanka, na jera, na daidaita sauti. Abin da ya rage kawai in fitar da fim ɗin.

Sai Yaya ya zo duba aiki. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne shugaban kwamitin liyafa, kuma bai taɓa ganin maɓallin da bai yi sha'awar dannawa ba. Na fita in kawo masa ruwa. Da na dawo, allo ya yi baƙi, wani siririn layi yana tafiya a tsakiyarsa.

"Yaya, me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba. Tambaya ta yi, na amsa mata. In an yi maka sallama ai sai ka amsa."

Babba juji ne, in ji masu magana, amma ranar ni ƙarami ni na zama jujin. Na haɗiye abin da ya zo bakina, na miƙa masa ruwansa.

Layin ya kai rabi ya tsaya. Da na sake kunna ta, sai ta nuna mini wata da'ira da aka ja wa layi a tsakiya, irin alamar da ake sa wa hanyar da aka hana shiga. Na sa filashin ceto da na tanada, na umarce ta ta faɗi abin da ke damunta. Fararen rubutu suka yi ta gudu a kan baƙin allo kamar tururuwa, suka tsaya a kan wani layi da ban fahimta ba. Na canja fayil ɗin saiti, suka tsaya a wani layin daban. Na mayar da na da, suka tsaya a wani na ukun da bai taɓa fitowa ba. Na zare ram ɗaya, cikin 'yan sandunan ƙwaƙwalwarta guda biyu. Na zare ɗayan. Na hure su na mayar. Na cire duk abin da ke maƙale a jikinta har ta koma tsirara, daga ita sai kibod. Amsarta ɗaya ce: "ɗiit", fuuu, shiru.

Na kai ƙara dandalin intanet inda masu irin wannan kwamfuta ke taruwa suna jajanta wa juna. Na farko ya ce in turo hoton rubutun. Na tura. Ya ce bai fito sosai ba, kuma daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na biyu ya tambaye ni dalilin da ya sa na yi sabuntawa, kamar wanda ya tarar da mutum cikin rijiya yana tambayarsa me ya kai shi. Na uku ya rubuto cewa tasa tana aiki lafiya lau. Allah ya ƙara mata lafiya. Daga ƙarshe na tono wani bawan Allah da ya yi fama da ciwo iri ɗaya sak shekarun baya. Na bi zancensa har ƙasa, sai na tarar ya rufe da cewa, "Na gyara, na gode wa kowa." Bai faɗi yadda ya yi ba. Duk inda wannan mutum yake, ina so ya sani ban yafe ba tukuna.

Na rungume ta na kai ta ofishin gyara na kamfanin mai manhajar. Wata baiwar Allah mai fara'a ta leƙa cikin akwatin, ta dube ni.

"Malam, wannan ai ba tamu ba ce."

"Manhajar da ke ciki taku ce."

Ta rage murya. "To wannan maganar kada ka sake maimaita ta a nan."

Na wuce wurin Injiniya, mai gyara na bakin layinmu. Bai ko kunna ta ba ya yanke hukunci: a goge komai, a sa mata manhaja irin ta kowa, a huta. Na ce fim ɗin Goggo fa? Ya ce wace Goggo? Na sake saɓa ta a kafaɗa na dawo, Maman Biyu tana kallona ta saman tabarau, ta ce, "An sallamo ku ke nan, ko gado ne babu?"

Ranar da za ta cika, sai ta yi irin sauƙin da tsofaffi ke tsoro. Na cire ɗan batirin da ke kan madabod, wato babban allon da duk gaɓoɓinta ke zaune a kai, na mayar, na canja wa katin hoto mazauni. Na danna. "Ɗiit." Rubutu suka wuce layin da suke tsayawa. Siririn layin nan ya fito, ya wuce rabi, ya doshi ƙarshe. Na ƙwala wa Maman Biyu kira ta zo ta ga ikon Allah. Tana sa ƙafa a ɗakin, sai muka ji "ɗas". Fanka ta tsaya. Wani ɗan hayaƙi ya tashi da ƙaurin roba. Daga baya Injiniya ya tabbatar akwatin wutarta ne ya gaji da kunnawa da kashewa, ya tafi da madabod, ya haɗa da faifan ajiyar da ke manne a kai.

Fim ɗin ya bi ta. Katunan kyamara na riga na goge su na sake ɗauka a kai, in ban da na ƙarshe. Shi na nuna a liyafa da kwamfutar aro, ɗanye, ba yanka ba gyara: hoto na rawa, muryata tana cewa a matso, Goggo tana daka mini tsawa in ɗauke wannan abu daga fuskarta. Jama'a suka yi ta dariya har da tafi. Yaya ya karɓi makirfo ya shaida wa taro cewa shi ma da hannunsa a aikin nan. Ban taɓa jin gaskiya mai ciwo irin wannan ba.

Da aka watse Goggo ta kira ni gefe. "Ɗan nan, ina tsohuwar da ka ce ta yi magana a kaina?" Na faɗa mata. Ta gyara mayafi, sannan ta ce, "To sai ka ɗauke ni ka kai ni wurinta, in ji da kunnena." Na kai ta. Sun wuni suna hira hannu cikin hannu, kuma Goggo ta hana ni shiga da kyamara.

Marigayiyar ta rasu ta bar allo ɗaya mai lafiya wanda yanzu ba shi da abin kallo sai fuskata, da kibod da harafi ɗaya ya goge, da ram biyu da ba a san matsayinsu ba, da filashin ceto wanda bai ceci kowa ba. Ta kuma bar firinta, wadda ba ta nuna alamar ta san an yi rashi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan shago. Ba za a yi mata wanka ba, tunda ita da ruwa ba sa ga-maciji. Injiniya zai cire abin da ke da sauran amfani, sauran kuma mai sayen ƙarafa zai raka ta makwancinta a cikin baro. Ana karɓar gaisuwa a kan bencin ƙofar shago. Duk wanda ya san zai ce "ai da ka sayi ta asali", ko "ba ka ajiye kwafi ba ne", ya yi zamansa a gida, na karɓi ta'aziyyarsa daga nesa. An keɓe wa Yaya kujera a waje, inda babu soket.

Roƙo na ƙarshe ga masu zuwa: gawar tana nan a kan teburi, kada kowa ya ba ni aron wayar wuta. Tata tana hannun Maman Biyu, ta kulle ta a durowar keken ɗinki ta rataya makullin a wuya. Dalili kuwa, jiya da na je rufe murfin, yatsana ya kai kan maɓallin, fankar ta juya sau ɗaya, kuma ni da matata duk mun san halina.