Yadda Za Ka Daidaita Wutar Gidan Burodin Surukarka Ba Tare da Ka San Komai Ba

Kai da ka ce wa gidan su budurwarka injiniya ne kai, alhali fanka kawai ka iya gyarawa, matso kusa. An jarraba wannan hanya a unguwar Wunti da ke Bauchi, a kan Ya'u, ranar da murhun gas na gidan burodin Hajiya Habibatu ya fara fitar da burodi baƙi ƙirin. Hajiya ita ce mahaifiyar Fati, wadda Ya'u ke nema da aure. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka zai zaga gari.

1. Kada ka ce ba ka iya ba

Hajiya ta kira shi a waya. "Malam Ya'u, kwaɓi ya tashi, masu shayi na jira. Zo ka duba mana." Bakinsa ya ce "To, Hajiya" kafin hankalinsa ya iso. Haka ake so. Tari keke, ka riƙo sifana mafi girma a shagonka. Ba amfani za ka yi da ita ba, a dai gan ta.

2. Zargi wanda ya riga ka

Durƙusa ka gaida surukarka, sannan ka leƙa wutar. Ja ce, tana rawa, tana hayaƙi. Girgiza kai ka ce, "Wa ya taɓa nan?" Kullum akwai wanda ya taɓa. Habila, mai gasa burodin, ya sunkuyar da kai. Ya'u ya sami damar numfashi.

3. Ƙwanƙwasa agogo

A jikin bututun akwai agogon da ke nuna ƙarfin gas. Ƙwanƙwasa shi da farce, ka tsuke baki. In an tambaye ka me ya nuna, ka ce, "Abin da nake gudu ke nan."

4. Murɗa wani abu

Ga makunnin gas, ga 'yar ƙofar iska. Masana sun ce jar wuta mai hayaƙi iska take nema. Ya'u bai taɓa zama da masana ba, sai ya ƙara gas. Wutar ta yi gurnani, ta leƙo waje ta gaishe shi, ta tafi da girarsa ta hagu.

"Innalillahi! Malam Ya'u, lafiya?"

"Gwaji ne, Hajiya."

Haddace wannan amsar.

5. In za ka faɗi, faɗi inda ya dace

Ya mayar da gas ɗin yadda ya same shi, ya ja da baya, sai ya yi tuntuɓe. Ya kai hannu ya dafa ƙarfen da ke kusa. Ashe mariƙin ƙofar iska ne. Ƙofar ta buɗe, wutar ta miƙe shuɗiya shar, hayaƙi ya ɗauke.

Habila ya riƙe baki. "Oga, yaya ka yi?"

"Ba a faɗa," in ji Ya'u, wanda shi ma yake son sani.

Burodi ya fito jawur, sai ƙamshi. Fati ta kawo masa zoɓo mai sanyi, ta dubi fuskarsa, ta koma ciki da gudu tana toshe baki da mayafi.

6. Karɓi yabo

Nan ne hanyar ke da 'yar matsala. Hajiya ta ɗauki waya, kafin la'asar duk mai murhun gas a Bauchi ya ji labari.

"Malam Ya'u, akwai ƙanena mai kamfanin gasa gyaɗa a Yelwa. Murhunsa ya kai ɗakin nan girma, masu gyara duk sun gaza. Na ce masa da kaina zan kai ka gobe."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai aike ka ba. Rufin kwanon da ya tashi da auren da ya fasu, duk naka ne. In ka ji warin gas, rufe tukunyar ka nemo mai gyara na gaskiya. Wanda kuma ya haɗu da Ya'u, ya faɗa masa kashe waya ba shi da amfani. Hajiya na zaune a bencin shagonsa tun hantsi, ta ce ba ta sauri.