Tawul a Hannun Daman Kyaftin

Idan ana lissafa masana teku na ƙasar Jamus, dole a fara da Ottmar Kleinschrot, in ba haka ba shi da kansa zai miƙe ya gyara lissafin. Mutum ne da ya san ruwa ciki da bai. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shugabancin ofishin magudanan ruwa na garinmu, Wennigfeld, kuma kowa ya san duk abin da ya bi kwata a teku yake ƙarewa. Shi ya sa muke ce masa Sarkin Teku. A gabansa muke faɗa, yana kuma amsawa.

Daga garinmu zuwa gaɓar teku tafiyar awa biyar ce a mota. Wannan bai hana mu samun ƙungiyar masu waƙoƙin matuƙa jirgin ruwa ba, kamar kowane gari mai mutunci. Mu ashirin da huɗu ne, kusan dukkanmu ’yan fansho. Kowace Talata sai mu sa riguna masu ratsin shuɗi da fari, mu hau benen gidan giyar Ilse, mu yi ta rera kewar igiyar ruwan da ba mu taɓa gani ba sai a talabijin. Ni ne magatakarda, Detlef mai gidan burodi, kuma shekara goma sha tara ina tsaye a bayan Ottmar ina kallon ƙeyarsa.

A saman ƙeyar nan akwai hula, fara, mai baƙin baki da zaren zinariya. Ita ce sarautar. Tsarin mulkin ƙungiya, wanda Ottmar ya rubuta da hannunsa, ya ce a sashe na huɗu: shugaba shi ne wanda hular take kansa. Sashe na biyar ya ƙara da cewa ba mai cire ta daga kan shugaba sai da ƙuri’ar mafi rinjaye. Da yake shi kaɗai ke kiran taron ƙuri’a, hular ta zauna daram.

Sai bara, da muka shirya tafiyar mako guda a jirgin shaƙatawa daga Hamburg zuwa Norway, Gudrun Tessmer mai kaɗa mana akodiyon, abin kiɗan nan da ake rataye wa a ƙirji ana ja ana matsawa, ta ɗaga hannu. Tsohuwar malamar lissafi ce, ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta tambaya ko ba lokaci ya yi da za a yi zaɓe ba, tunda shugaba yana shiga waƙa kafin kowa, ya kuma fita bayan kowa. Ottmar ya miƙe, ya gyara zaman hula. Ku sani shi ba ya cewa “ni”, sai dai “hular nan”.

“Detlef, rubuta. A liyafar Kyaftin ɗin jirgi, hular nan za ta zauna a hannun damansa, kuma za a kira ƙungiyar nan ta yi waƙa a gaban jama’a. In ɗaya bai faru ba, a ajiye ta, Gudrun ta ɗauka.”

Na rubuta yadda ya faɗa, harafi da harafi, na sa kwanan wata.

Saura mako biyu tafiya ya tara mu ya yi mana lacca mai shafi goma sha ɗaya kan abin da za mu tarar a ɗakunan kwana da wajen cin abinci. Ya koya mana yadda ake riƙe cokali in jirgi na tangaɗi. Ya ce kada kowa ya ba shi kunya ta hanyar cusa ƙananan sabulai a jaka. Ya ce mu talakawan waƙa za a zuba mu a ƙasa, shi kuwa ya yi magana da kamfani, ɗakinsa zai kasance inda shugaba zai riƙa duba yanayin ruwa. Matarsa Waltraud tana gefe tana saƙa. Ba ta cikin ƙungiya, shekara arba’in ke nan tana jin laccocin nan kyauta a gida.

Ranar da muka shiga jirgi, ya gayyace mu ganin ɗakin. Muka yi ta sauka, hawa na shida, na biyar, na huɗu, har muka fara jin gurnanin inji a tafin ƙafa. Ɗakin kuwa, gado biyu ne ƙanana da ɗan firji, da banɗakin da in ka sunkuya ɗaukar sabulu sai ka buɗe ƙofa da baya. A bango akwai labule mai kyau. Ottmar ya tsaya gabansa, ya ce mu shirya idanunmu, ya ja igiya. Bango ne a baya, fari fat, da hoton wani tsauni an manna.

Ko a jikinsa. Ya ce matuƙi na gaskiya ba ya kallon teku, jin sa yake a ƙashinsa, tagogi na ’yan yawon buɗe ido ne. Daga nan ya wuce banɗaki ya danna maɓallin masai, abin ya yi wata irin zuƙa mai ƙara har Gudrun ta dafe ƙirji. Nan fa Sarkin Teku ya samu fagensa. Minti ashirin muna tsaye a lungu yana bayanin bututu, ya danna sau huɗu don mu gane.

Da yamma ya tarar an naɗe tawul an yi giwa da shi an ɗora masa a gado, da ’yar alewar cakulan a kan hancinta. Ya ɗauko giwar a hannu har teburin cin abinci. Ya ce wannan tsohuwar al’adar teku ce, Kyaftin kan aika wa manyan baƙi giwa don ya nuna ya san da zuwansu. Dukkanmu mun sami giwa. Wata mata ’yar Filifin mai suna Luzviminda, mai gyaran ɗakunan hawanmu, ita ke naɗa su, har ta nuna wa matata yadda ake yin kunnuwan. Duk da haka muka taya shi murna.

Teburinmu lamba ɗari da goma sha huɗu ne, daf da ƙofar kicin, duk wanda ya fito da tire sai ya gogi kujerar shugaba. Ottmar ya ce da gangan aka yi, manya ake ajiyewa kusa da kicin don abinci ya iso su da zafi. Teburin Kyaftin yana can tsakiya ƙarƙashin babbar fitila, an kewaye shi da jar igiya. Kwana uku yana jiran katin gayyata. Kullum sai ya leƙa ƙarƙashin ƙofa, abin da yake samu takardar shirye-shiryen gobe ce da tallan gyaran farce. Ya rubuta wa Kyaftin wasiƙa biyu. Aka amsa masa da godiya da katin shan kofi kyauta.

To, mu mutanen ƙasar nan akwai abin da muka yarda da shi fiye da kotu, shi ne tawul. In ka shimfiɗa tawul a kujera, kujerar ta zama taka har faɗuwar rana, ko kana nan ko ba ka nan. Kullum ƙarfe shida na safe muna saman jirgi muna kama kujerun shan rana, alhali ruwan sama ake yi, ba mai niyyar zama. Ni kaina ina yi, ban ga laifinsa ba. Amma Ottmar ne kaɗai ya hango cewa dokar da ta yi aiki a kan kujerun shan rana ba abin da zai hana ta aiki a ɗakin liyafa.

Ranar Alhamis, ranar liyafar, da sassafe ya tsallake jar igiya. Ya shimfiɗa tawul ɗin ɗakinsa a kujerar da ke hannun daman ta Kyaftin. Don kada wani ɗan Ingila ya yi gardama, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha tara: ya cire hular ya ɗora a kai. Ya iso wajen karin kumallo da sanƙo a waje yana ƙyalli, ya ce mana an gama magana.

Da rana ya ce dole a yi shiri. Ya shiga ɗakin da kowa ke ɗibar wa kansa abinci, ya yi zuwa uku: kifin gishiri da albasa, tsiran alade da dankali, sannan kek mai kirim yanka biyu. Waltraud ta ce masa an sanar za a fita buɗaɗɗen teku da la’asar, ko zai sha ƙwayar hana jiri. Ya dube ta da tausayi, ya ce ƙwayar nan an yi ta ne don mutanen tudu.

Ƙarfe uku jirgi ya fara rausaya. Ba wani abin kirki ba ne, ko kofi bai zube ba. Ƙarfe uku da rabi muna gwajin waƙa Sarkin Teku ya shiga baiti kafin kowa kamar kullum, sai kuma ya fita kafin kowa, abin da bai taɓa yi ba. Fuskarsa ta koma kalar kabeji. Ya ce zai je ya duba wani abu game da bututu. Mun ji maɓallin nan yana aiki har daga lungu.

Kafin ƙarfe bakwai na leƙa shi. Yana kwance yana fuskantar hoton tsauni, bokiti a gefe, baƙar kwat ɗinsa a rataye tana lilo. Gaskiya ya ba ni tausayi, don na san abin da hular nan take a wurinsa. Ya ce in gaya wa Kyaftin ya ɗan jinkirta. Waltraud kuwa ta riga ta sa ’yan kunnenta, ta ce tunda an biya kuɗin abinci ita za ta ci.

Muna shiga ɗakin liyafa muka ga mutane sun yi cincirindo a tsakiya suna ɗaukar hoto. Ashe shugaban masu hidima ya tsinci tawul da hula, ya ga alamar hawanmu, ya kira Luzviminda ta kwashe. Ita kuwa hannunta ba ya ganin tawul ya ƙyale. Nan take ta naɗe shi ta yi talotalo, ƙirji a gaba, wutsiya a baje, ta kafa masa hular a karkace. Kyaftin ya zo wucewa ya gani, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a ƙara kujera a bar baƙon nan inda yake. Aka ɗora shi a kan matasai biyu, aka ajiye masa faranti da kofi.

Ana tsakar cin abinci Kyaftin ya leƙa cikin hular, ya ga sunan ƙungiyarmu da Ottmar ya sa aka ɗinka da zaren zinariya. Ya ɗauki makirufo ya tambaya ko mawaƙan Wennigfeld suna nan. Gudrun ta saɓa akodiyon. Muka yi waƙa uku, muka shiga tare, muka fita tare, karo na farko a tarihi. Har na ji muryata, ashe ba ta da laifi. Mutane suka miƙe suna tafi, ni kuwa sai da na share ido.

Washegari ruwa ya kwanta, Ottmar ya tashi. Ya iso teburin karin kumallo ya rame kaɗan, amma bakin yana nan. Ya riga ya ji labari. Ya tarar mun hallara, talotalo da hula a kansa yana zaune a kujerar da masu tire ke goga.

“Detlef, karanta alkawarin. Hular nan ta zauna a hannun daman Kyaftin ko ba ta zauna ba? An kira ku waƙa ko ba a kira ku ba? To, a gode wa mai tsari. Miƙo min kayana.”

Na ce ranka ya daɗe, alkawari ya cika, ba mai musu, hula ba za ta koma wajen Gudrun ba. Sai dai akwai sashe na huɗu. Na karanta: shugaba shi ne wanda hular take kansa. Duk muka juya muka dubi talotalo. Ottmar ya kai hannu, Gudrun ta ɗaga yatsa irin na malaman lissafi, ta ce sashe na biyar. Ba mai cire ta daga kan shugaba sai da ƙuri’ar mafi rinjaye.

Mu mutane ne masu bin doka, Ottmar ya fi kowa. Ya ja hannunsa. Ya yi jawabi na minti goma sha biyu kan hidimarsa, sannan aka ce masu son a cire hula su ɗaga hannu. Hannu ɗaya ya tashi, nasa. Na ƙirga sau biyu don adalci, na rubuta. Aka naɗa Gudrun mataimakiya mai magana da yawun shugaba, kamfanin jirgi kuma ya bar mana tawul ɗin kyauta.

Ottmar ya juya wajen matarsa, ko za ta ce wani abu. Waltraud tana shafa man shanu a burodi. Ta dubi sabon shugaba, ta ce jiya ta lura da shi, awa biyu yana zaune kusa da Kyaftin bai katse kowa ba, bai koya wa kowa riƙon cokali ba. Daidai nan Luzviminda ta zo wucewa da tarin tawul a hannu. Waltraud ta kira ta.

“’Yar’uwa, don Allah in kin samu sarari, ki naɗa min ɗaya in tafi da shi gida.”