Yadda Za Ki Tsira Bayan 'Yarki Ta Shafa wa Tabaran Surukarki Ƙwai

"Umma, ke in kin manna furotin da haske yaba miki ake yi. Ni me ya sa Kaka za ta dake ni?"

Tambayar da 'yata ta jefo min ke nan, surukata na tsaye riƙe da tabaranta, farin ƙwai ya bushe a kansa ƙamas. 'Yar'uwa, in irin wannan ta same ki, bi matakan nan. Tabbas yarinya ba za ta sha duka ba, ke ma ba za a ce ki ajiye aiki ba.

1. Shiga tsakani
Ja yarinyar bayanki tukuna. Bayani zai iya jira, hannun kaka ba ya jira.

2. Kama bakinki
Kar ki kuskura ki ce ke kika gaya mata cewa a ɗakin gwaje-gwaje kukan shafa furotin, sinadarin nan mai gina jiki, a kan gilashi, ko a kan wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, ku haska fitila ta musamman, ya kama daram inda hasken ya taɓa. Balle ki ce ke kika ƙara da cewa akwai furotin a farin ƙwai. Yarinya ta rasa fitila, ta shanya tabaran a rana. Laifinta nawa?

3. Cika surukar da bayani
Ki ce: "Mama, ai da irin wannan ake gano cuta a ɗigon jini." Za ta ce: "To ni wace cuta ce a tabarauna?" Sunkuyar da kai. Ba kowace tambayar suruka ke neman amsa ba.

4. Jawo mijinki ciki
Ki ce ƙwaƙwalwar gidan ubanta yarinyar ta ɗauko. Tawa surukar cewa ta yi: "Haka ubanta yake, har rediyo ya taɓa kwance mana." Daga nan kin haye.

5. Wanke tabaran da ruwan sanyi
Ruwan zafi dafa ƙwan zai yi, ki koma gidan jiya.

Abin da ya biyo baya kuma ba ruwana. Ni dai washegari surukata ta sayo wa "likitarta" tocila da ƙwai cike da kwano, yanzu fuskar wayata ta sha ƙwai, ko taɓuwa ba ta yi. Ki ɓoye wayarki. Fitilar wurin aiki kuwa tana ƙona ido, ko da wasa kar ki kawo ta gida, ko da kakar ce da kanta ta roƙe ki.