Rasuwar 'Yar Sabha, Uwar Gidan Kallo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Alhaji Haladu Mai Gidan Kallo na Gidan Amumune, wanda ya ƙetare Sahara da ƙafa ya dawo da haƙoransa cif, yana sanar da jama'ar Mayahi da Tasawa rasuwar ordinatarsa, wato kwamfutarsa, wadda aka fi sani da 'Yar Sabha.

A bayansa ya goyo ta daga Libiya. Tun daga nan ita ke nuna wa mutanen kasuwa kokawa da ƙwallo a rumfarsa. Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha ƙura, ta sha zafin bazara, ƙadangare ya yi ƙwai a cikinta ba ta kai ƙara ba. In an tashe ta sai ta ce tilin-tilin, ta ja numfashi fuuu, ta kama aiki.

Aibinta ɗaya ne, roƙo. Lokaci-lokaci takan fito da wani rubutu tana neman a sabunta mata kai, abin da 'yan lakwal, masu karatun boko, ke kira mizajur. Alhaji bai san ko bihim ba, amma ya san fuskar mai roƙo. Sai ya danna gefen da ke nufin sai gobe, yadda dattijo ke sallamar mai naci. Shekara da shekaru yana yi mata sai gobe, ko mura ba ta taɓa yi ba.

Ajalinta ya zo a hannun Abdul Razak, ɗan ƙanen Alhaji, wanda aka yi wa alkawarin makullin gidan kallon bayan kaka. Shi ya iya karatu. Ranar kokawar ƙarshe, rumfa ta cika har 'yan kabu-kabu na leƙe ta zana, ya karanta roƙon ya amsa mata da to, aka sabunta mata kan.

Da ta farka ba ta san kowa ba. Fuskokin 'yan kokawa suka baje kamar faifai, suka yi kore, suna tafiyar hawainiya. Daga nan allon ya yi baƙi ƙirin. Ana jin kiɗa, ana jin guɗa, ba a ga wanda ya sha ƙasa ba. Jama'a suka kwashe zuwa rumfar Lawali, wanda Alhaji ya koya wa ɗaura zana.

An kai ta Tasawa wajen Hamani mai gyara. Ya duba, ya tabbatar sabon kan da aka sa mata ya daina gane tsohon ƙarfen da ke fitar da hoto, kuma waɗanda suka ƙera shi sun bar waiwayar irinsa. Ta yi ƙit-ƙit sau biyu, ta cika.

Ta bar allo makaho, da benci marasa mazauna, da wani mai takardar shaidar karatu da har yanzu ake ba tuwo a gidan. Ta kuma bar Alhaji, wanda ya binne rediyo uku da injin wuta da likitan da ya hana shi cin gishiri, yana nan garau.

Za a yi jana'iza ranar kasuwa da hantsi. Ba amalanke, ba babur. Abdul Razak zai ɗauki gawar a ka, babu gammo, ya ratsa 'yan hatsi, ya tsaya ƙofar Lawali a gan shi da kyau, sannan ya haƙa ramin da kansa a bayan rumfa. Ana karɓar gaisuwa a zauren Alhaji. Masu kuka su zo da ruwan shansu.

Masu niyyar zuwa ba da haƙuri kan maganar makulli kuwa, kada su ɓata takalmansu. Duk ranar da Abdul Razak ya tambaya, amsar da ta raya marigayiya ita zai samu: sai gobe.