Kyamara Mai Dogon Hanci

"Lafiya ƙalau, sai dai ciwon kai, ga shi nan ya biyo ni," in ji tsohon tela, yana amsa gaisuwar mai kanti. Ya nuna jikarsa da sanda.

"Kada ka saurare shi," in ji ta. "Mijina ne. A rabon gado na same shi, ba wanda ya yarda ya ɗauka."

Shekara ashirin da biyar ke nan suna wannan auren na baki, tun tana zanin goyo. Yanzu ta zama ma'aikaciyar jinya, ta sami aiki a wata ƙasa mai nisa, jirginta ranar Alhamis. Tsohon bai taɓa cewa uffan a kan tafiyar ba. Da safen nan kawai ya saka hula ya ce a kai shi sayen kyamara.

Mai kanti ya ajiye guda biyu a kan gilashi. Ɗaya ƙarama ce kamar sabulun wanka, tana shiga aljihu. Ɗayar babba, mai hancin da ke miƙewa, wadda ya ce tana jawo mutum daga ƙarshen layi har a ga maɓallin rigarsa. Tela bai ko kalli ƙaramar ba.

"Wannan ta yi," in ji shi.

"Hancinka bai ishe ka ba, sai ka ƙara wani?"

"Da hancin nan na sace zuciyar kakarki."

"Allah ya jiƙanta, ita ma ba ta gani sosai."

Ta shiga lissafa masa aibun babbar: nauyi, igiyar wuya, ga maɓallai rututu, shi da har yau bai iya kashe rediyonsa ba sai ya cire batir. Ya ce mutumin da ya yi shekara hamsin yana zura zare a allura ba a koya masa ido. Ta tambaye shi me zai leƙa daga nesa, matan maƙwabta? Ya ce amarya yake nema, tunda ta gida za ta gudu.

Gaskiyar bai faɗe ta ba. An gaya masa cewa a filin jirgi masu rakiya bayan gilashi suke tsayawa, can nesa. So yake ya bi ta da ido har matakalar ƙarshe, don tsoro yake ji ba zai kai dawowarta ba.

"Tsallaka titi in gwada," in ji shi.

Ta tsallaka, ta tsaya gaban shagon mai gyaran agogo, ta riƙe ƙugu. Tela ya ɗaga kyamara, hancin ya miƙe. A allon sai ga agogo, sai ga sama, sai gefen mayafi ya wuce fuu. Ya matse gwiwar hannu a ƙirji, ya riƙe numfashi, ya danna. Sau huɗu yana dannawa, bai sami fuskarta ba ko sau ɗaya. Mai kanti ya ce a hankali, iya nisan da aka jawo, iya yadda rawar hannu ke fitowa. Tela ya dubi hannuwan da suka raba shi da keken ɗinki.

Da ta dawo ta leƙa allon.

"Wannan aljanar fa?"

"Ke ce. Ba ki iya tsayawa wuri ɗaya ba, tun kina rarrafe."

"Ni ko motsi ban yi ba."

"To ƙasar ce ta motsa."

Ta buɗe baki za ta rama, sai ta ga yadda yake ɓoye hannun a cikin riga. Ta ɗauki ƙaramar tana jujjuyawa, ta ce ita wannan ba ta da wani amfani, makauniya ce kamar mai sayenta, ba ta ganin mutum sai ya zo dab da ita.

"Dab kamar yaya?" Tela ya tambayi mai kanti.

"Taku biyu, uku, Baba."

Tsohon ya ture mai dogon hancin gefe da bayan hannu. Dariya ta ɗan kufce masa ta hanci.

"Kin ci, mummuna. Ba ni makauniyar." Ya ɗaga ta da hannu biyu. "Daga yau zuwa Alhamis, kada ki wuce taku uku. Matso."

Ta matso.