Hular da Ta Shaƙe Motar Surukina

Wata Asabar na je gaida surukina a Badarawa, na ce bari in kakkaɓe masa matatar iskar motarsa, don ya san 'yarsa ta yi dacen miji. Zafi ya dame ni, na tuɓe hula na ajiye, na gama na rufe. Hula kuwa na neme ta na rasa, har cigiya na sa aka yi a masallaci.

Washegari mota ta fara karkarwa, da an tsaya sai ta mutu. Na zo na kasa kunne kamar likita, na ce, "Baba, fulogi ne." Aka canja. Na ce famfon mai ne. Aka canja. Daga ƙarshe na girgiza kai, na ce injin ya tashi aiki.

Baba ya yi jugum, don da motar yake kai Hajiya asibiti. Ya kira bakanike. Mutumin ya buɗe akwatin iska, ya zaro hulata, ta yi baƙi ƙirin.

"Alhaji, wannan ta waye?"

Baba ya ce, "Ta injiniyanmu ce."

Har yau, in mota ta mutu a layinsu, kaina ake fara dubawa a ga ko hulata na nan.