Yadda Za Ka Gyara Na'urar Dangwala Yatsa Ba Tare da Ta Gyaru Ba

Kai Nazeer, tunda ka taɓa gyara wa Oga Yamusa waya ka zama injiniyan ofis. Yanzu yana son na'urar dangwala yatsa, mai kama 'yan latti, ta yi aiki tare da ta buga katin ma'aikata a kwamfuta ɗaya. Abokan aikinka ba sa so. Bi ni, na yi maka alkawarin za ka tsira da kowa.

1. Gane ciwon, ka yi shiru

Adaftocin USB biyun da ke haɗa na'urorin da kwamfuta, waɗanda aka sayo a kasuwar Utako, kamarsu ɗaya, amma direbobinsu, wato manhajojin da ke gabatar da su ga kwamfuta, ba sa ga maciji. Kowanne ya kafe sai ƙofar COM3. Ka soka wannan, wancan ya sume. Kada ka faɗa wa kowa abin mai sauƙi ne.

2. Saurari jama'a

Madam Rita, da ke tahowa daga Tungan Maje, za ta ajiye maka doya da ƙwai a kula. "Ƙanina, go-slow na Zuba ba ta da imani. Wannan mashin na dangwala yatsa, bar shi ya huta, ka ji?" Ci doyar.

3. Wahala a bainar jama'a

Nannaɗe hannun riga. Zare waya, hura mata iska, mayar. Oga na wucewa ka yi tsaki, ka ce, "Oga, sai dai mu yi ta addu'a."

4. Kiyayi hannunka

Kada ka goge tsohon direba. Kada ka mayar da adafta ɗaya COM4. Na san ka da ƙaiƙayin yatsa, za ka yi don ka gani. Shi ke nan, fitila ta yi kore, Madam Rita ta ɗauke kularta.

5. Jira rahoton farko

Na'ura ba ta san girma ba. Sunan da ya fi kowa latti na Oga ne. Zai kira ka, ya rufe ƙofa, ya yi ƙasa da murya: "Nazeer, yaya take kafin ka taɓa ta? Mayar da ita haka." A nan za ka gane, tunda ka goge tsohon direban, ba ka san hanyar ɓata ta ba.

A kula: idan aka mayar da kai reshen Yangoji, ba da yawuna ba. Ni cewa na yi kada ka taɓa.